Ƙungiyarmu ta gama-kai za ta koma lissafi a waya: ta ina za mu fara?

Tambayar ta fito ne daga sakatariyar wata ƙungiyar gama-kai mai mambobi kusan 120. Suna zuba kuɗi duk wata, suna ba juna bashi, kuma suna haɗa kayan da suka sarrafa su sayar tare. Har yau komai nasu a littafi yake. Matasan cikinsu sun matsa lamba a koma manhaja, wani kamfani ya ce zai ƙera musu tasu ta kansu, dattawa kuma sun kafe cewa ba za su yarda kuɗinsu ya shiga inda idonsu ba ya gani ba. Ta ce: ta ina za mu fara, kuma wa ke da gaskiya a cikinmu?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya taimaka. Kafin komai, kada ku sa hannu a takardar wannan kamfani tukuna. Ba zarginsu nake yi ba. Na shafe shekaru ina zama da ƙananan ƙungiyoyi, ina duba musu littattafai, ina taya su sauya tsarin aiki, kuma har yau ban ga ƙungiya mai mutum ɗari da 'yan kai da ke buƙatar a ƙera mata manhajarta ta kanta ba. Akwai ayyuka da yawa da za ku fara yi, mafi yawansu ma da biro da takarda.

Maganar dattawan nan ki riƙe ta hannu bibbiyu. Wasu za su ce duhun kai ne, ni kuwa ina ganin sun fi kowa gane inda ran ƙungiyar yake. Banki yana da gini, yana da lasisi, yana da hukumar da ke sa masa ido. Ku abin da kuke da shi amana ce. Abin da ke sa mutum ya ƙirgo guminsa ya miƙa wa ma'aji shi ne ya san ranar taro yana iya cewa a buɗe littafi, ya ɗora yatsa a kan sunansa ya ga abin da aka rubuta. Haka abin yake tun asali. Mutum 28 da suka buɗe ɗan shagonsu a garin Rochdale na Ingila a shekarar 1844, waɗanda ake ɗauka a matsayin tushen ƙungiyoyin gama-kai na zamani, sun yi suna ne da ma'auni na gaskiya da kuma raba riba gwargwadon cinikin da kowane mamba ya yi da shagon. Irin wannan rabo ba ya yiwuwa sai da rubutu mai tsabta wanda kowa ya yarda da shi. To duk wata na'ura ko manhaja da aka kawo muku, ki auna ta da tambaya ɗaya: mamban da ya fi kowa rauni a cikinmu, wanda bai iya karatu sosai ba kuma wayarsa ƙarama ce, wannan abu zai ƙara masa ikon sanin lissafinsa, ko zai rage masa?

Bari in nuna miki inda aka dace. A jihar Gujarat ta Indiya akwai ƙungiyoyin masu kiwon shanu da ke ƙarƙashin Amul, babbar ƙungiyar gama-kai ta madara wadda aka kafa a garin Anand a 1946, yanzu kuma masu kai mata madara sun haura miliyan uku. Kuɗin madara a can ya danganta ne da yawanta da kuma yawan mai da ke cikinta. A da, sai a ɗebi kaɗan a ajiye, a gwada bayan mai ita ya tafi gida, a rubuta abin da aka samu. Ko magatakarda waliyyi ne, zuciyar mai madara ba za ta rasa ɗar-ɗar ba. Da aka kawo na'urorin karɓa, sai mace ta zo da bokitinta, a juye a kan sikeli lamba ta fito tana kallo, a sa ɗan digo a na'urar gwaji ta nuna yawan mai nan take, wata 'yar takarda ta fito ɗauke da lambarta da nauyi da kuɗinta, ta naɗe ta tafi. Ba a nemi ta sayi babbar waya ba, ba a ce ta koyi kwamfuta ba. An dai mayar da lissafin da ake yi a bayan idonta zuwa gaban idonta. Wannan shi ne abin da nake so ku nema a naku aikin.

Don haka ku zauna ku tambayi kanku: me ke tayar da jijiyar wuya ranar taro? Wane aiki ne ke hana ki barci daren jajibirin taro? A ƙungiyoyi irin taku amsar kusan kullum ɗaya ce, wato ba a san takamaiman abin da kowa ya zuba da abin da ake binsa ba sai an yi ta juya shafuka. Daga nan za ku fara, kuma shi kaɗai za ku riƙe har ya zauna.

Sai dai kada ku kwashi littafin yadda yake ku zuba a kwamfuta. Na taɓa zama da wata ƙungiya da ke da littattafai uku: na ma'aji, na sakatare, da ƙananan katuna a hannun mambobi. Muka baje su a tebur muna bi layi-layi da rula. Sai ga mace ɗaya an rubuta ta da suna uku, wani wuri da sunan mahaifinta, wani wuri da na mijinta, wani wuri da laƙabin da ake kiranta da shi. Zubinta na wata biyu ya faɗa shafin wata mai irin sunanta. Babu wanda ya ci amana, kuskure ne kawai da ya kwana ya tashi har shekara biyu. Da an shigar da wannan a manhaja, da kuskuren ya sami riga mai kyau, kuma ba wanda zai iya musu da shi, domin mutane suna jin nauyin ƙaryata abin da ya fito daga na'ura. Ku ba kowane mamba lamba tasa. Ku fitar da jimillar ajiyarsa da bashinsa zuwa wata rana tsayayya. A karanta masa a taro, in ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, in bai yarda ba a warware kafin a wuce. Aikin nan yana iya cin wata biyu, yana kuma da gajiya, amma shi ne kashi mafi girma na duk sauyin da za ku yi.

Bayan haka, jadawalin Excel ko Google Sheets ya ishe mutum 120. Layi ɗaya ga kowane zubi ko biya, da kwanan wata, da lambar mamba, da sunan wanda ya karɓa. Mutum biyu ne kawai za su iya rubutu a ciki, sauran shugabanni da mai binciken kuɗi su iya gani ba tare da taɓawa ba. Ku ci gaba da littafin takarda tare da shi aƙalla wata uku, duk ƙarshen wata a gwada su. Ranar da suka yi wata uku a jere ba su saɓa ba, dattawa da kansu za su sassauto, domin gani ya kori ji. Ko bayan nan ma ku riƙa buga lissafin wata a takarda ana ajiyewa a fayil.

Mataki na gaba shi ne rasit. Duk wanda ya zuba kuɗi, saƙon tes ya shiga wayarsa: an karɓi kaza, ajiyarka ta zama kaza, saura kaza a bashinka. Na ga dattijuwar da ta fi kowa adawa da sauyi tana miƙa wa jikanta ƙaramar wayarta ya karanta mata saƙon, ta sa ya maimaita, sannan ta ciro katinta ta gwada, ta gyaɗa kai. Daga ranar ita ce ke tambaya in saƙo ya yi jinkiri.

Game da tura kuɗi ta waya, akwai darasi a tarihin M-Pesa, wadda kamfanin Safaricom ya ƙaddamar a Kenya a 2007. Tun farko an gwada ta ne don masu karɓar ƙananan basussuka su riƙa biya ta waya. Sai masu gwajin suka lura mutane sun mayar da ita hanyar aika wa juna kuɗi, suka bi abin da mutane ke so. Kuma ta yaɗu ne domin tana aiki a ƙaramar waya ba tare da intanet ba. Ku ma ku duba abin da mambobinku suka riga suka saba da shi, ku gina a kansa. In za ku karɓi zubi ta waya ko ta banki, asusun ya kasance da sunan ƙungiya. Kada a kuskura a ce “a dinga turawa asusun ma'aji kafin mu buɗe namu”. Wannan “kafin” ɗin yakan zama shekaru, kuɗin ƙungiya ya cakuɗe da na cefanen gidansa, mutumin kirki ya wayi gari ana nuna shi da yatsa. Fitar da kuɗi kuma ya zama sai mutum biyu: ɗaya ya shigar, ɗaya ya amince daga tasa wayar. Sannan ku yanke a taro, a rubuce, wa zai ɗauki kuɗin cajin turawa, mamba ko ƙungiya. Ɗan hakin da aka raina ne, amma na ga ya raba kan mutane.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kuma ba kasafai ake maganarsa ba: makullai. A zamanin littafi, in sakatare ya sauka sai ya miƙa littafi da hatimi, shi ke nan. A zamanin waya, dukiyar ƙungiya tana rataye ne a kan adireshin imel, da layin waya, da kalmar sirri. Wata ƙungiya da na yi aiki da ita tana da wani matashi mai hazaƙa da ya buɗe musu komai don Allah: imel, shafin Facebook, zauren WhatsApp, jadawalin lissafi, duk da layinsa da sunansa. Aka sami saɓani a zaɓe, ya yi fushi ya janye. Bai saci ko sisi ba. Amma lambar tabbatarwa wayarsa take shiga, masu saye shi suke kira, lissafin shekara uku yana cikin rumbunsa na intanet. Sai da aka yi wata huɗu ana kai gwauro ana kai mari, manya suna sa baki, kafin a dawo da rabin abin. Ko da babu fushi, waya takan ɓata, mutum yakan yi tafiya, yakan yi ciwo, yakan rasu. Don haka tun ranar farko, layin waya a yi masa rajista da sunan ƙungiya in dokar ƙasarku ta ba da dama, imel ya zama na ƙungiya, kowane shafi ko zaure ya sami masu kula aƙalla uku. Kalmomin sirri a rubuta, a rufe a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardar rajistar ƙungiya, a kuma sauya su duk lokacin da shugabanci ya sauya. Ku shigar da wannan cikin dokokin ƙungiya yadda kuka shigar da maganar hatimi. Kuma ki yi ta nanata wa mambobi har su gaji da ji: babu jami'in banki ko na kamfanin waya ko na ƙungiya da zai kira ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo ta tes. Duk wanda ya nema ɓarawo ne.

Kada ku manta da waɗanda ba su da babbar waya. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, kuma mata da mazauna karkara da tsofaffi su suka fi yawa a ciki. Waɗannan su ne mutanen da ƙungiyoyin gama-kai suka fi yi wa amfani. A ƙa'idoji bakwai da Ƙawancen Ƙungiyoyin Gama-kai na Duniya ya amince da su a birnin Manchester a 1995, ta biyu ita ce mambobi ke mulkin ƙungiyarsu, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne, mutum talatin masu data su tattauna a WhatsApp da daddare, su gama magana, ranar taro a zo a karanta wa sauran casa'in. Ba wanda ya yi niyyar ƙwace, amma an ƙwace. Zaure na sanarwa ne da tunatarwa, kuma saƙon murya ya fi rubutu isa ga kowa. Hukunci kuwa a taro ake yanke shi. Haka nan kada a taɓa jera sunayen masu bashi a zaure don a kunyata su. Saƙo ɗaya ake turawa gaba, sirrin gidan mutum ya fita har abada. Ƙasashe da yawa yanzu suna da dokar kare bayanan mutane, irin wadda Tarayyar Turai ta fara aiki da ita a 2018, kuma ƙaramar ƙungiya ma tana iya faɗawa ƙarƙashinta. Ko babu doka, mutunci ya hana.

To, mu koma kan kamfanin. Kuɗin ƙera manhaja shi ne ƙarami. Babban yana zuwa daga baya: kuɗin ajiye ta a intanet duk shekara, gyara duk lokacin da wayoyi suka sauya tsari, data, sauya wayar da ta lalace, koyar da sabon ma'aji. Na ga manhajoji masu kyau da aka yi da kuɗin tallafi, aka ƙaddamar da su da tafi, shirin tallafin ya ƙare bayan shekara biyu, manhajar ta daina buɗewa da lissafin mutane a ciki. Ku tambayi duk mai son sayar muku da tsari: in muka ce mun fasa, za mu iya sauke dukan bayananmu a Excel da hannunmu, yau, ba tare da roƙon kowa ba? Ku ce ya nuna muku a aikace. Bayanan mambobinmu na wa ne, kuma za a ba wani? Tana aiki in babu sabis? In ta tsaya ranar taro, wa za mu kira, da wane harshe zai amsa? Wace ƙungiya irin tamu ce ta yi shekara biyu tana amfani da ita, mu je mu ji daga bakin ma'ajinta? Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Ƙa'ida ta huɗu cikin bakwai ɗin nan tana magana ne kan 'yancin ƙungiya da cin gashin kanta, kuma ƙungiyar da ba ta iya fita da bayananta ba ta da wannan 'yanci, komai kyawun allon manhajar.

In kun girma har Excel ya gaza, akwai manhajojin da aka riga aka yi don ƙungiyoyin ajiya da bashi. Mifos, misali, gidauniyar Grameen ce ta fara ta, kuma a buɗe take ga kowa ya ɗauka ya gyara. Sai dai kyauta ce wajen ɗauka kawai, dole a sami mai kafawa da mai kula, kuma ƙungiya ɗaya ƙarama ba za ta iya riƙe ma'aikacin kwamfuta ba. Nan ne ƙa'ida ta shida ke da amfani, wato haɗin kai tsakanin ƙungiyoyi. Goma ko ashirin su haɗu su ɗauki tsari ɗaya da mai kula ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An yi haka a wurare. CoopCycle, wadda ta faro daga Faransa, tarayya ce ta ƙungiyoyin masu kai saƙo a keke da ke amfani da manhaja guda mallakarsu. A birnin New York kuma, ƙungiyoyin masu aikin share gidaje sun haɗu a dandalin Up & Go tun 2017, inda kashi 95 cikin 100 na kuɗin aiki ke zuwa wa ƙungiyoyin ma'aikatan, kashi 5 ya tafi kula da dandalin.

Ɓangaren sayar da kaya ya fi sauƙi. WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba ku damar jera kaya da hoto da bayani, kuma ya wadatar a farko. Hoto mai haske, amsa da wuri, da cika alkawarin ranar kai kaya sun fi shafin intanet mai tsada. Amma ki tuna gidan haya ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duk duniya, masu ciniki a kansu suka zauna hannu rabbana. Ana kuma iya rufe shafi ba tare da gargaɗi ba. Sunayen masu sayenku da lambobinsu, da izininsu, su kasance a wani jadawali da ke hannunku.

Duk wannan ya shafi ƙananan kamfanonin da ke kasuwanci don amfanin al'umma, sai dai su suna da ƙarin nauyi, domin ana tambayarsu shaidar amfanin da suka yi wa mutane. Manhajar KoboToolbox tana tattara irin waɗannan bayanai a waya ko babu intanet, ta tura in an sami sabis. Shawarata gare su ita ce su zaɓi abu uku ko huɗu da su kansu za su yi aiki da su, su daina tara tambayoyi sittin don faranta ran mai tallafi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa suna taimakawa wajen tsara wasiƙa ko tallar kaya, amma kada a zuba musu sunayen mambobi da basussukansu, kuma duk lissafin da suka yi a sake bi da hannu.

Matasanku ma suna da gaskiya: littafi yana jiƙewa, yana ƙonewa, yana ɓata, kuma lokacinki da kike kashewa wajen haɗa lissafi yana da daraja. Kada a kashe musu gwiwa. A taro mai zuwa ki kawo shawarar a naɗa kwamitin mutum huɗu, matasa biyu da dattawa biyu, a ciki har da wanda ya fi kowa adawa. Aikinsu na farko shi ne ba kowa lamba da tabbatar da lissafinsa. Kamfanin kuma ki rubuta musu cikin ladabi cewa kun gode, kuna gyara littattafanku, za ku neme su bayan wata shida, ki haɗa musu da tambayoyin nan su fara shirya amsa.